Kusurwar Girki: Samosar Naman Agwagwa

Ranar Sallah baƙi kan cika gida, kuma kafin tuwo ya sauka ana son abin taɓawa. Ga yadda muke yin samosa da agwagwa.

Da farko mu gasa agwagwar, mu tsiyaye kitsen, domin ta fi kaza maiƙo. In muka bar shi, samosar za ta jiƙe ta yi laushi. Sai mu zare ƙashi, mu daddatsa naman, mu soya da albasa, attarugu, citta da gishiri, mu bari ya huce.

Mu kwaɓa fulawa kofi 2, mu murza ta yi fale-fale, mu zuba naman, mu naɗe kamar laya. Mu liƙe bakin da kwaɓin fulawa, kada ta fashe cikin mai. Mu soya har ta yi ja.

A kula, kada ƙanne su matso kusa da kasko!