Wuta da ƙarfe

Ka taɓa tsayawa a maƙera a Birni? Duba maƙeri: ya gasa wuƙa ta yi ja, ya tsoma ta a ruwa. Ta yi tauri ke nan, amma in ya bar ta haka, karyewa za ta yi. Dole ya sake ɗumama ta kaɗan.

To, yau akwai na'ura mai gina sassan injin jirgin sama da garin ƙarfe, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Rayuka ne a jirgi, don haka abin da ta gina sai ya shiga tanderu. Wani ƙarfe, Inconel 718, yakan yi awa 8 a zafin digiri 720. Nan ƙananan ƙwayoyi ke fitowa cikinsa, su ƙara masa ƙarfi. In gashin ya wuce kima, ƙwayoyin su girma, ƙarfin ya ragu.