Darasi: Kukan Kare da Ranar Mutuwa

Ƙasar Polan, mahaifar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, ta karɓi bangaskiyar Kirista tun shekarar 966. Duk da haka manoman ƙauyukanta sun daɗe suna riƙe da camfe-camfe game da dabbobin gida da mutuwa. Wani masaninsu, Adam Fischer, ya wallafa littafi a kan al'adun jana'izarsu a 1921.

A ganinsu, idan kare ya yi ta kuka da dare, ko kaza ta yi cara kamar zakara, to mutuwa na tafe. Sukan ce a daren jajiberin Kirsimeti dabbobi na magana irin ta mutane. Suna da tatsuniyar wani manomi da ya laɓe kusa da turke don ya saurara, sai ya ji shanunsa suna cewa ba da daɗewa ba za su ja gawarsa zuwa makabarta. Tsoro ya kama shi, ya mutu.

Haka kuma idan maigida ya rasu, akan je a sanar da shanu da dawakai, a ƙwanƙwasa amya a gaya wa ƙudan zuma, don kada su bi shi.

Me za mu koya? Na farko, waɗannan manoma sun ɗauki dabba a matsayin abokiyar zama da ta sha wahalar noma tare da su. Wannan abin yabo ne, gama dabbobi amana ce da Allah ya danƙa mana.

Na biyu, neman sanin ranar mutuwa daga bakin dabba ɓata ne. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba 2111 da 2116, ya hana camfi da duba. Mu ma nan, mutum nawa ne kukan mujiya ya hana barci? Ku lura, ba shanu ne suka kashe manomin nan ba, tsoro ne.

A Matiyu 25:13 Ubangijinmu ya umarce mu mu zauna a faɗake, domin ba a ba mu sanin ranar ko sa'ar ba. Shirin Kirista shi ne tuba, da sulhu da maƙwabci, da karɓar Jiki da Jinin Kristi. Wanda ya yi haka, ko kare ya kwana yana kuka, sai ya yi addu'a ya kwanta.

Allah ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.