Sabon sirdin fata: zama ne ke horar da shi, ba mai ba

Makon jiya wani saurayi ya turo kekensa shagona, fuska a murtuke. Ya sayi sirdin fata na Brooks, ya hau kwana uku ya ji kamar a kan katako yake zaune, sai wani ya ba shi shawara ya jiƙa shi da baƙin mai ya kwana. Da na danna da babban yatsa, fatar ta lotsa kamar tsohon takalmi. Ya ce, "Baba, da gyara?" Na ce, "Ɗana, fatar da ta sha mai ta saki ba ta komawa."

Shi ya sa na ga ya kamata in yi wannan bayani. Sirdin fata ba shi da soso. Fatar shanu ce mai kauri aka ɗame tsakanin hancin sirdin da ƙarfen baya, kamar fatar ganga. Iyayenmu sun san shi a kan keken Raleigh. Kamfanin Brooks, wanda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1866, ya koma hannun Raleigh a 1962.

Wurin ɗaurawa, ka fara da tsayi: ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Sannan ka ɗan ɗaga hancin kaɗan, domin sabuwar fata santsi gare ta. In hancin ya sunkuya, za ka riƙa zamewa gaba, nauyinka ya koma kan hannu. Mazaunanka su sauka a faffaɗan baya, amma ba a kan ƙusoshin da suka riƙe fatar ba.

Daga nan sai haƙuri. Ka riƙa hawa kullum, rabin awa ko awa guda. Zafin jiki da gumi da nauyi ne za su yi aikin. Bayan 'yan makonni za ka ga ƙananan ramuka biyu a inda ƙasusuwanka ke zama. Sirdin ya san mai shi ke nan.

Man shafawa kuwa, na fata kawai, irin Proofide, ɗan kaɗan a bakin yatsa, ka bari ya bushe ka goge. Da hunturu ka ɗan ƙara kula, kada fatar ta tsage. Da damina ka rufe shi da leda, in kuma ya jiƙe, ka bar shi ya bushe a inuwa kafin ka hau.

Akwai noti a ƙarƙashin hanci na ɗame fata. Kada ka taɓa shi sai fatar ta saki sosai, ko a lokacin ma kwatar zagaye ta isa.

Saurayin nan ya sayi wani. Na hana shi mai, na hana shi sifana, na ce ya dawo mini bayan wata biyu mu duba ramukan.