Darasi: Ƙara wa Motar Wasa Mai Rimot Gudu

'Yan'uwa ɗalibai, gudun wannan mota ya dogara ne kan giya da taya. Giyar inji muke nufi, ba ta sha ba! Akwai ƙarama a bakin inji, da babba mai kai ƙarfi ga tayoyi. Idan babbar tana da haƙora 54, ƙaramar 18, inji zai juya sau 3 kafin babbar ta juya sau ɗaya. A sa ƙarama mai haƙora 20, lissafin ya koma 2.7: gudu ya ƙaru, tashi ya yi nauyi, inji ya ƙara zafi. Doguwar taya ma haka take yi. Saboda haka a riƙa ƙara haƙori ɗaya-ɗaya, ana duba zafin injin, kada garin neman gudu ya ƙone.