Daga Ma'auni zuwa Kwamfuta: Aikin Abinci da Aikin Bayanan Lafiya

Wannan darasi na iyaye ne, da samari da 'yan matan da ke sakandare, da dattawan da ake zuwa wurinsu neman shawara a ikilisiya ko a zango. Idan aka tambayi yaro a ƙauyukanmu wane aikin asibiti yake so, amsa biyu ce: likita ko nas. Su ake gani kullum. Amma akwai wasu ma'aikata biyu da lafiyar yaranku ta rataya a wuyansu, ko da ba ku san sunan aikinsu ba. Ɗaya masanin abinci ne, ɗayan kuwa jami'in bayanan lafiya. A 'yan shekarun nan ayyukan biyu sun shiga juna ƙwarai, har ana bukatar wanda ya iya duka biyun.

Ina lambar ranar awo take zuwa?

Uwa, kin san ranar awo. An rataya yaro a ma'auni yana ta tsala kuka, nas ta duba ta rubuta lamba a littafinki, ta kuma rubuta a babban rajista. Littafin nan da ya haɗa bayanin mai ciki da na yaro wuri ɗaya, a 2018 Hukumar Lafiya ta Gana ta fito da shi da taimakon ƙasar Japan. Ke kin koma gida da naki. Lambar da ke rajista kuwa yanzu ta soma tafiya.

A ƙarshen wata nas ta CHPS takan zauna ta ƙirga: yara nawa aka auna, nawa ne nauyinsu ya gaza, nawa aka ba bitamin A, masu ciki nawa ne jininsu ya yi ƙasa. Lissafin yakan shiga kwamfuta cikin tsarin da ake kira DHIMS2, wanda aka soma aiki da shi ko'ina a Gana a 2012. An gina shi a kan manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, ƙasashe da yawa na Afirka ma da irinta suke aiki. Da zarar an shigar, ofishin lafiya na gunduma yana gani, na yanki ma yana gani: Tamale ga mu mutanen Kpandai da Yendi, Damongo ga Salaga, Bolgatanga ga Bawku. Na Akra ma yana gani daga kan teburinsa.

Da wannan lissafi ake shirya inda za a tura ƙwayoyin ƙarin jini, da abincin magani na gyaɗa da ake ba yaran da suka rame, da ma'aikata. Saboda haka ƙauyen da ba ya kawo yaransa awo, a idon kwamfuta babu yunwa a cikinsa. Ba za a turo masa kome ba, domin ba wanda ya nuna yana bukata.

Inda ayyukan biyu suka haɗu

Jami'in bayanai ya iya kwamfuta, ya san yadda ake tattara lambobi a jera su. Masanin abinci ya san abin da lambobin suke nufi a jikin mutum. Ga misali. A ce yarinya 'yar shekara ɗaya nauyinta kilo 8.2, amma wajen kwafa aka juya lambar ta zama 2.8. Wanda bai san girman yara ba zai shigar da ita haka nan ya wuce. Wanda ya karanta ilmin abinci zai tsaya, domin ya san 2.8 nauyin jariri ne sabon haihuwa, zai kira nas a waya a gyara. Wannan kuskure mai sauƙi ne. Mai haɗari shi ne wanda ya juya ta ɗaya hanyar, inda yaron da ke bakin mutuwa ya fito a takarda lafiya lau.

Kun ga igiyar nan mai launi uku da muke ɗaura wa yara a dantse. Ana amfani da ita daga wata 6 zuwa wata 59. Idan dantsen bai kai santimita 11.5 ba, ja ke nan, yaron yana cikin rama mai tsanani kuma magani yake bukata a ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, a tashi tsaye. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko me igiya ta nuna, na asibiti ne.

Nas tana ganin yaro ɗaya ɗaya. Mai riƙe da lissafin gunduma yana ganin dukansu lokaci guda. Idan ya san aikinsa zai ɗauko na bara da na bara waccan ya jera su, ya ga a wane wata ja yake yawaita. Mu dai mun san lokacin: tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabuwar doya ba ta yalwata ba, zazzaɓi da gudawa kuma suna kan ganiyarsu. A daidai lokacin ne hanyoyin ƙauyukan bakin Oti da Daka suke lalacewa. Mai hankali zai nuna wa shugabansa lambobin tun watan Afrilu ko Mayu, a kai kaya kafin ruwa ya yanke hanya. In aka jira sai rahoton Agusta ya fito, an makara, an riga an binne waɗansu. A ganina, duk amfanin kwamfutar nan bai wuce wannan ba: ta sa a riga masifa isa ƙauye.

Aikin yana da yawa a ƙasarmu. Babban binciken lafiya na Gana na 2022 ya nuna kusan yara 18 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Yankin Arewa kuwa kusan 30 ne cikin 100. Mutum zai yi mamaki, ga manyan motoci suna fita da doya daga Kpandai zuwa kudu. To, ciki ya cika daban, jiki ya ginu daban. Sakwara da wasawasa da tuwo suna ba da ƙarfi, amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne. Shi ya sa muke koyar da abinci mai tauraro huɗu: hatsi ko doya; wake, waken soya ko gyaɗa; ganye da 'ya'yan itace irin su ayoyo, zogale, kuka, mangwaro; sai kifi, ƙwai, nama ko nono. Kokon yaro ma, idan an soya hatsi awo huɗu da wake da gyaɗa awo ɗaya aka niƙa tare, ya fi kokon masara zalla nesa ba kusa ba.

Mai duba abincin majinyata

Masanan abinci iri biyu ne. Akwai jami'in da ke yawo cikin jama'a, wanda muka yi maganarsa. Akwai kuma wanda ke zaune a asibiti yana tsara wa majinyaci abin da zai ci, ana ce da shi dayatishan. Masu ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon ƙoda su ne mutanensa. An fi samunsu a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Tamale, a gundumomi kuwa sun yi ƙaranci sosai, alhali cututtukan nan sun riga sun iso ƙauye.

Shi ma da lissafi yake aiki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, aka faɗaɗa shi a 2019. A ciki an nuna abin da ke cikin giram 100 na doya, gero, wake, daddawa da sauransu. Wanda ya iya kwamfuta zai ɗauki abin da Baba ya ci jiya tun daga koko har tuwon dare, ya lissafa, ya ajiye kusa da awon sukarinsa na wata shida, sai a ga abin da ke tayar da shi. Haka nan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya da busasshen kifi mai gishiri. Mutane da yawa sukan rantse ba sa cin gishiri, sai an ƙirga musu dunƙule nawa suka shiga tukunya.

A nan ne ɗan gida ya fi baƙo. Takardar shawara da aka rubuta a wata ƙasa takan ambaci abincin da ba a taɓa kasawa a kasuwarmu ba. Yaronmu da ya tashi da tubani da miyar kuka da kifin Oti, yana jin Nawuri ko Konkomba ko Nchumuru ko Hausa, zai faɗa wa tsohuwa yawan malmalar da za ta ci, da bakin da za ta gane. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna da Daniyel sura ta 1, inda aka gwada abinci iri biyu kwana goma sannan aka dubi jikin samarin aka kwatanta. Ba wai a daina cin nama nake nufi ba, yaranmu nama ma suke nema. Abin lura shi ne an gwada, an duba, sannan aka yanke magana.

Hanyar shiga aikin

Tushen yana sakandare. Ana bukatar sakamako mai kyau a jarrabawar WASSCE, musamman Turanci da lissafi da kimiyya, kuma wanda ya bi sashen kimiyya ƙofofi sun fi buɗe masa. Iyaye, kada ku bar yarinya ta yi wasa da lissafi don ana cewa na maza ne. Aikin nan gaba ɗayansa ƙirge ne.

Kwalejin lafiya ta Kintampo, wadda aka kafa a 1969 don horar da ma'aikatan lafiya na karkara, tana koyar da ilmin abinci, tana kuma koyar da bayanan lafiya. Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, tana da karatun digiri na abinci mai gina jiki. Jami'ar lafiya ta UHAS da ke Ho, wadda aka kafa a 2011, tana horar da dayatishan, makarantarta ta lafiyar jama'a da ke Hohoe kuma tana da sashen abinci da na bayanan lafiya. Jami'ar Gana da ta Cape Coast ma suna da karatun dayatishan. Difloma shekara uku ce, digiri huɗu. Bayan haka akwai shekarar hidimar ƙasa, da jarrabawar samun lasisi daga hukumar AHPC, wadda doka mai lamba 857 ta 2013 ta kafa.

Hanyar da aka fi bi ita ce a kama ɗaya a ƙara ɗaya a kai: a karanta abinci sannan a ƙware a kwamfuta da ƙididdiga, ko a karanta bayanai sannan a ƙara ilmin abinci. Shawarata, wanda yake son zama da mutane ya fara da abinci. Koyon manhaja ya fi sauƙi a kan koyon yadda ake lallashin uwar da ta fid da rai da ɗanta.

Gaskiya guda da ya kamata iyaye su ji kafin su sayar da doyar shekara: gama karatu ba shi ne samun aiki ba. Masu takardar aikin lafiya da yawa sukan zauna gida shekara da shekaru suna jiran gwamnati ta tura su. Wanda ya haɗa sani biyu ya fi samun mafita, domin asibitocin mishan da ƙungiyoyin agaji da masu bincike suna neman mai iya tattara bayanai a waya ya kuma fassara su. Duk da haka a shiga da shirin jira. Kafin ku biya ko sidi ɗaya, ku tabbata hukuma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa. Takardar neman shiga makarantun Ma'aikatar Lafiya a intanet ake cika ta. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi a gefe zai samo wa yaronku gurbi, ku yi nesa da shi.

Amana

Mai wannan aiki yana ganin abin da ba kowa ke gani ba: wace yarinya ce ke da ciki, wane dattijo ne ke shan wane magani. A gari irin namu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a bakin famfo ta isa ta kashe aure. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, mai lamba 843, amma tun kafin doka amana amana ce. Yaron da ba ya iya riƙe bakinsa, ko da shi ne na ɗaya a aji, a nema masa wata sana'a.

Ku kuma yi hattara da masu kafa tebur ranar kasuwa, ko su zo har harabar sujada, da wata 'yar na'ura haɗe da kwamfuta. Sai su ce ka riƙe wani ƙarfe, cikin minti biyu su lissafa maka cututtuka goma, sannan su fito da kwalaben da za ka saya. Riƙe ƙarfe a tafin hannu ba ya auna sukari, ba ya duba ƙoda ko hanta. Sukari da digon jini ake auna shi. Ma'aikacin gaske yana da lasisi kuma ba ya fushi idan an nemi gani. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne mai hawan jini ya ajiye maganinsa saboda kwalbar kasuwa, a kawo mana shi bayan wata biyu ɓarin jiki ya shanye.

Ku da ba za ku koma makaranta ba, ku ma da hannunku a lissafin nan. Ku zo da littafin awo duk sa'ad da kuka kawo yaro, ko ba ranar awo ba ce. Ku faɗi ranar haihuwa ta gaskiya, domin nauyi ba ya da ma'ana sai an haɗa shi da watannin yaro. Idan ba ku tuna ba, ku faɗi abin da ake yi a lokacin, ko shukar doya, ko Kirsimeti, ko Sallar Layya, nas za ta ƙirga. Kada a kawo yaro da littafin wansa ko katin inshorar maƙwabci, don tarihin wani zai hau kansa. Idan littafin ya ɓace ko ruwa ya jiƙa shi, ku koma inda kuka saba awo, lambobin suna nan a rajista, za a kwafa muku.