Darasin Mako: Yadda Ake Kasafin Kuɗin Magudanan Ƙazanta a Birni

Darasinmu na wannan makon ya haɗa tarihi da lissafi da kiwon lafiya. Duk ruwan da muka yi wanka ko wanke-wanke da shi, da abin da ke fita daga ban-ɗaki, dole ya tafi wani wuri. A ƙauye masai da kwatami sun wadatar. Amma idan mutane miliyoyi suka cunkushe a birni guda, sai an gina magudanai, kuma sai an tanadi kuɗin gina su da na kula da su. Bari mu ga yadda birnin Landan na Ingila ya yi nasa lissafin.

Abin da ya faru a Landan

A tsakiyar ƙarni na 19, ƙazantar Landan tana kwarara ne cikin kogin Thames, kuma daga wannan kogin mutane da yawa ke samun ruwan sha. Cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 14,000 a 1848 zuwa 1849, ta dawo a 1853 zuwa 1854 ta kashe fiye da 10,000. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa masu ɗibar ruwa a famfon titin Broad su ne cutar ta fi kamawa. Duk da haka hukumomi suka yi ta jan ƙafa, ana gardama a kan wanda zai biya.

A lokacin zafi na 1858 kogin ya yi ɗoyi har 'yan majalisa, waɗanda gininsu ke bakin ruwan, suka rasa sukuni. Cikin 'yan makonni suka zartar da doka. Ta ba hukumar ayyuka ta birnin izinin cin bashin fam miliyan 3, aka ɗora aikin a kan babban injiniyanta, Joseph Bazalgette. Ya gina manyan magudanai na ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kilomita 132, da ƙananan magudanai na tituna kimanin kilomita 1,800, da tashoshin tura ruwa irin su Crossness da Abbey Mills.

Kashi biyu na kasafi

Kasafin kuɗi shi ne lissafin abin da hukuma ke sa ran samu da abin da za ta kashe a shekara. Na magudanai ya kasu biyu.

Na farko, kuɗin manyan ayyuka: haƙa, sayen fili, bulo da siminti, bututu, injuna, da gina wurin tace ruwan ƙazanta. Ana kashe su da yawa a lokaci guda, amma abin da aka gina yana daɗewa.

Na biyu, kuɗin yau da kullum: albashin ma'aikata, wutar lantarki ko man injuna, magungunan tace ruwa, yashe magudanai, da gyaran abin da ya lalace. Waɗannan ba su yankewa muddin mutane na zaune a birnin. Idan aka gina aka manta da su, cikin 'yan shekaru injin zai tsaya, bututu ya toshe, dagwalo ya dawo kan titi, kuɗin ginin ya tafi a banza.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi uku ne aka fi bi: haraji, da kuɗin da gidaje da masana'antu ke biya tare da kuɗin ruwa, da bashi. Landan ta haɗa bashi da haraji. An sa wa gidaje harajin kwabo uku, wato taro, a kan kowane fam na darajar hayar gida, har tsawon shekara 40. A wancan lokaci kwabo 240 ne fam guda, ke nan harajin kashi ɗaya ne cikin 80.

Me ya sa aka ci bashi? Ku raba fam miliyan 3 gida 40, za ku sami fam 75,000 a shekara, ban da kuɗin ruwan bashin. Da an ce mutanen 1858 su biya duka a shekara guda, da nauyin ya fi ƙarfinsu. Kuma tun da 'ya'yansu da jikokinsu za su amfana da magudanan, adalci ne su ma su ɗauki nasu kason.

Darussa uku

Na ɗaya, aiki kan wuce kiyasin farko. Kuɗin aikin Landan ya haura fam miliyan 4 kafin a gama. Saboda haka mai tsara kasafi yakan ware wani abu na ko-ta-kwana.

Na biyu, a yi lissafi da yawan jama'ar gobe. Bazalgette ya yi magudanan da faɗin da ya wuce buƙatar zamaninsa, shi ya sa har yau ana amfani da su. Amma mutanen Landan sun kai kusan miliyan 9, kuma ruwan sama da na ƙazanta hanya ɗaya suke bi, don haka idan aka yi ruwa mai yawa sai su cika su amayar cikin kogi. Wannan ya sa aka haƙa sabon babban rami mai suna Tideway, mai tsawon kilomita 25. An fara a 2016, aka kammala a 2025, a kan fiye da fam biliyan 4, kuma ana biyansa ta hanyar ƙari a kan kuɗin ruwa na gidaje.

Na uku, jinkiri rayuka yake ci. A 1866 amai da gudawa ta sake ɓarkewa ta kashe fiye da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin birnin inda ba a gama haɗa magudanan ba. Daga nan annobar ba ta sake mamaye Landan ba. Rigakafi ya fi magani.

Mu fa?

A yawancin garuruwanmu masai da sokawe da buɗaɗɗun lambatu ake dogaro da su. A Kano, misali, Jakara ce ke kwashe ruwan ƙazantar unguwanni da yawa, kuma damina kan zo mana da ambaliya da amai da gudawa. Kowace shekara gwamna yana gabatar da kasafi a gaban Majalisar Dokokin jiha. Idan kun ji ana karanta shi a rediyo, ku kasa kunne ku ji nawa aka ware wa muhalli da magudanai, kuma nawa ne na gini, nawa ne na gyara.

Tambayoyin bita

1. Ku kawo misali uku na kuɗin manyan ayyuka da uku na kuɗin yau da kullum.
2. Gidan da darajar hayarsa fam 40 ce a shekara, kwabo nawa zai biya a harajin 1858?
3. Ku zagaya makarantarmu ku ƙirga lambatun da suka toshe, ku rubuta kayan aikin da ake buƙata don yashe su sau ɗaya a kowane zango.

A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya yarda.