Gyara Kayanka: Yadda Ake Sauya Kujerun Inji da na Giya a Gida

Kowane mai mota ya san baƙin mai, ya san taya, ya san batir, domin waɗannan in suka ƙi, ko nan da can mota ba ta zuwa. Amma akwai waɗansu 'yan robobi uku ko huɗu a ɓoye cikin ɗakin inji, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da suka gaji. Su ne kujerun inji da na giyabos, injin-sit a bakin makanikai. An shirya wannan takarda ne domin magidanci mai 'yar motarsa ya san aikinsu, ya gane alamun mutuwarsu, in kuma yana da hannu da natsuwa, ya sauya su a ƙofar gidansa ba tare da ya sayar da ransa ba.

Da farko sai mu san irin kayan da suke ɗauke da shi. Inji da giyabos a haɗe, ko na ƙaramar mota ne, sukan kai kilo 150 zuwa 200, wani ma ya fi. Kuma ba kaya ne mai zama shiru ba. Inji mai silinda 4, in yana silo yana juyi 750 a minti, wuta tana tashi a cikinsa sau 25 kowace daƙiƙa. Da za a ɗaure shi ƙarfe bisa ƙarfe a jikin mota, da kowane bugu sai ya iso haƙoran direba. Don haka aka sa roba tsakanin ƙarfe biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin mota. Gammo ne dai, irin wanda mai tallan ruwa yake sawa tsakanin tulu da kai. Aikinta na biyu shi ne riƙo. Duk lokacin da ka taka totur, inji yana neman murɗawa ya tashi daga mazauninsa, kujerun nan ne suke danne shi.

Dabarar ba ta yau ba ce. A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motarsa Plymouth da inji rataye bisa roba, ya yi ta tallar cewa mai silinda 4 ya daina girgiza mutane. Shekara na zagayowa kamfanin Citroën na Faransa ya sayi izinin yin irin wannan. Wanda kuwa yake ganin wannan 'yar roba ba a bakin kome take ba, ya ji abin da ya faru a 1971. A ƙarshen shekarar, kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet wajen miliyan 6 da dubu 700 su koma gyara. Dalili? Kujerar gefen hagu takan rabu biyu, inji ya ɗaga, ya ja sandar totur, mota ta zabura da gudu direba bai nema ba. Motocin yanzu an yi musu kujeru masu harɗe da juna, ko roba ta yage ƙarfe yana tare ƙarfe, saboda haka wancan haɗarin ya ragu ƙwarai. Amma injin da yake rawa a mazauninsa har gobe yana yin ɓarna: ya ja tiyon lagireto har ya tsage, ya karya wuyan salansa, ya gajiyar da shaf, ya tsinke waya. Abin da da kuɗi kaɗan zai gyara sai ya koma cin albashin wata.

Abubuwa uku suke kashe roba. Akwai zafi, ga na inji ga na gari, kuma wanda ya taɓa yin Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda awon zafi yake haura 40, ya san roba ba ta jin daɗin zama a nan. Akwai ramukan hanya da fizgar mota daga tsaye. Na ukun shi ya fi yin kisan mummuƙe, wato baƙin mai. Yoyo kaɗan daga murfin kan inji, yana ɗiga bisa kujera wata da watanni, sai roba ta kumbura, ta yi laushi, ta saki ƙarfenta.

Alamun mutuwar kujera ba sa ɓuya. Kana tsaye a danja sai ka ji sitiyari yana karkarwa a hannunka, madubi yana rawa. Ka sa giya ko ka koma ribas, ka ji "gum" daga gaba. Ka taka totur ka saki, ka ji kamar an buga wani abu a ƙasa. A mota mai kuloci har sandar giya takan yi ta kai da komo ita kaɗai. Sai dai a lura, ba kowace girgiza ce ta kujera ba. Fulogi ɗaya in ya mutu, inji zai yi ta tsalle ko da kujerunsa jiya aka sa su. Mutane da yawa sun zuba kuɗi a roba alhali cutar tana cikin wuta. Saboda haka a gwada kafin a saya.

Gwajin na mutum biyu ne, kuma a mota marar kuloci ake yin sa haka. Ɗaya ya zauna ciki, ya ja hambirki, ya danne birki da ƙafar hagu, ya sa giyar gaba ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya yi haka a ribas. Na biyu ya buɗe bonet ya tsaya daga gefe yana kallo. Daga gefe muka ce, ba gaban mota ba, ba bayanta ba, kuma a kori yara daga wurin. Inji mai lafiyayyun kujeru zai ɗan sunkuya ya dawo a hankali. In ka ga ya yi tsalle ya faɗo da ƙara, to ɓangaren da ya tashi nan matsalar take. Bayan an kashe mota ta huce, a ɗauki tocila a duba kowace kujera, a sa liba a ɗan ɗaga. Tsagewa mai zurfi, ko roba da ta rabu da ƙarfe, ko wurin da ƙarfe ya goge ƙarfe har yana ƙyalli, duk shaida ne. Waɗansu kujerun kuma ruwa ne a cikinsu, in sun fashe za ka ga sawun baƙin ruwa ya gangaro ya bushe a jikinsu.

Yawansu da wurin zamansu ya danganta ga yadda aka kwantar da injin. Peugeot 504, wadda a da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, injinta a miƙe yake, kujera dama, kujera hagu, sai madogara ta baya, kuma hannu yana samun wurin shiga. Motocin da suka cika titi yanzu injinsu a gicciye yake. Ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ba garin da ba a ganinta. Tana da huɗu: ta dama a kan inji, ta hagu a kan giyabos, sai ta gaba da ta baya daga ƙasa. Na dama da hagu su ne masu ɗaukar nauyi, na gaba da baya aikinsu hana inji yin ruku'u da ɗagowa. In ɗaya ta daɗe da mutuwa, sauran sun sha wahalar da ba tasu ba, don haka a duba su duka.

Wajen saye nan ake yin kuka. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za a ɗora maka iri uku bisa kanta, kowanne da kuɗinsa, mai shago yana cewa, "Alhaji, wannan ɗan Beljiyam ne, daga jikin mota aka kwance shi, ya fi sabo." Wani lokaci gaskiyarsa ne, domin tsohuwa ta asali takan fi sabuwar jabu. Amma kada ka manta roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, kuma wadda aka kwanto ta riga ta ci rabin kwananta a wata ƙasa. Murɗa ta, leƙa cikin lungunanta, in ka ga 'yan tsage-tsage ajiye masa abarsa. Sabuwa mai arahar banza kuwa sau da yawa robarta ta cika tauri, ka ɗaura ka ji girgizar ta fi ta da. Tafi da lambar shasi, ko hoton tsohuwar a waya, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in ba ta hau ba. Dabarar nan ta cusa guntun tsohuwar taya cikin kujera, ko a kai wa mai walda ya like ta ƙarfe da ƙarfe, a ganinmu ba gyara ba ce. Bugun da roba ta daina sha, wani ƙarfen ne zai sha shi har ya tsage.

To, yanzu ga aikin kansa, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya tattara hankalinsa. Kwance noti ba wuya, yaron gareji ma yana yi. Abin tsoro shi ne nauyi. Da zarar ka kwance kujera, kilo 150 zuwa 200 ɗin nan ba abin da yake riƙe da su sai abin da kai ka tokara. Kada wani ya ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda ya shiga ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai, shi ya sa wa tsautsayin rana.

Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, siminti ya fi. Rairayi da gangare ba wurin wannan aiki ba ne, in kuwa ƙasa ce, shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowane abin tokara. Bari inji ya huce sarai. Ja hambirki, sa weji gaba da bayan tayoyin baya, cire wayar batir ta baƙin kai. In sai an ɗaga mota, ɗaga ta ka zaunar da ita bisa madogaran ƙarfe da aka yi domin haka, a wuraren da kamfani ya tanada a jikinta, sannan ka girgiza ta da ƙarfi ka ga ba ta motsi. Bulon siminti ba madogara ba ne. Ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, farat ɗaya yake rugujewa.

Jak ɗin da ka 'yanta yanzu shi zai riƙe inji, kuma mai mai ya fi, domin yana hawa da sauka a hankali. Kada ka ɗora bakinsa kai tsaye a tukunyar baƙin mai. Sa faffaɗan katako a tsakani, ya kama har gefen tukunyar inda ta fi ƙarfi. In ba haka ba, ta ƙarfe za ta lotsa ta matse bakin da famfo yake zuƙar mai, ta alminiyam kuwa tsagewa take yi. Ɗaga har ka ga nauyi ya bar kan roba, ka tsaya. Santimita 2 ko 3 ya isa yawanci. Idonka na kan tiyo da wayoyi, in ka ga ɗaya ya miƙe ya yi tauri, ka wuce iyaka. In kujerar giya za ka taɓa, jak da katakonsa su koma ƙarƙashin giyabos.

Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ba a kwance kujera biyu lokaci guda, domin inji zai zame, ramukan noti su daina haɗuwa, ka wayi gari kana kokawa da abin da ya fi ka ƙarfi. A Corolla ɗin da muka ambata ta dama daga sama ake samunta, ta hagu sai an kawar da batir da akwatin tace iska. Ɗauki hoto kafin ka taɓa kome. Notin da ya yi tsatsa, jiƙa shi da man kwance tsatsa ko kananzir tun daren jiya, ka sa masa soket daidai bakinsa. Sifana mai gyara baki ita take cinye kan noti ta bar ka da aikin kwana biyu. Yatsa kuma ba ya shiga tsakanin inji da kujera ko da wasa. In abu ya maƙale, liba ce take zungurarsa.

In tsohuwar ta fito, ajiye ta kusa da sabuwa ka dube su da kyau. Za ka ga tsohuwar ta dusashe, ta zauna, ta fi sabuwa gajarta da kamar kaurin yatsa, wani lokaci ma ƙarfen tsakiya ya faɗo hannunka shi kaɗai. Wannan gajartar ita ce dalilin da sai ka ƙara wa jak hawa kaɗan kafin sabuwa ta shiga. Tabbatar ramuka sun yi daidai, in akwai kibiya ko ɗan ƙulli mai nuna gaba, bi shi.

Ga kuma inda masu gaggawa suke ɓata aiki. Kowace ƙusa da hannu ake fara ta, ta yi juyi uku ko huɗu ba gardama, kafin sifana ta taɓa ta. Da yawa cikin alminiyam suke shiga, in ta hau a karkace ka tilasta mata, zaren ramin ya tafi ke nan. Kuma kada ka ɗaure tamau inji yana rataye. Bar su da ɗan sauƙi, sauke jak sannu sannu har nauyi ya zauna, girgiza injin da hannu ya sami mazauninsa, sannan ka ɗaure. Robar da aka ɗaure a murɗe tana fara aiki da gajiya, ba ta yin kwana. Ƙarfin ɗauri yana rubuce a littafin gyaran kowace mota, sifana mai awo ake bi da shi, in ba ka da ita ka ara. Masu Golf da sauran motocin Volkswagen su sani, waɗansu ƙusoshin kujerunsu sau ɗaya ake ɗaura su, domin miƙewa suke yi, in an kwance sai sababbi.

Ba kowace kujera ce ta gida ba. Ta baya a motoci masu gicciyayyen inji takan ɓuya kusa da sandar sitiyari, a wata motar sai an sassauta ƙarfen da ya gitta ƙasa kafin ta fito. Waɗansu manyan motoci, irin Honda Accord mai silinda 6, kujerunsu har da tiyon iska ko wayar lantarki. In ka ga aikin ya kai nan, ko ƙusa ta karye cikin rami, ko ba ka da madogaran kirki, kai wa mai rami da kayan aiki. Sanin da ka samu bai faɗi ƙasa ba, domin yanzu za ka tsaya ka ce, "Maigida, a sauke nauyin tukuna kafin a ɗaure," ya kuwa san ba baƙo ya kawo masa mota ba.

In an gama, mayar da duk abin da ka kawar, ƙirga sifanunka kada ɗaya ta kwana cikin ɗakin inji, haɗa batir, ka tayar. Maimaita gwajin nan na mutum biyu, sannan ka zaga unguwa a hankali, gilashi a sauke, kana saurare. Sabuwar roba takan ɗan yi tauri kwanakin farko kafin ta saki jiki. Bayan mako guda ka sake bin notin da sifana, ka haska tocila bisa sabuwar kujera. In ka ga ɗigon baƙin mai a kanta, bi sawunsa zuwa sama ka sauya gaskit ɗin da yake yoyo a cikin makon nan.